Ajiyar wake, masara da gyaɗa a gida: ƙwaro ne abin tsoro ko maganinsa?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni uwargida ce a Funtuwa, yaranmu biyar. Duk kaka maigida yakan sayo buhun wake, masara buhu uku da gyaɗa mu ajiye na shekara. Bara kafin bazara waken ya cika da ƙwari, rabinsa ya zama gari. Maƙwabciyata ta ce in jefa bom a buhun ko in yayyafa fiya-fiya, in za a dafa a wanke sosai, shi ke nan. Ni kuwa ina tsoro saboda yara. Gyaɗar ma nakan tarar wasu ƙwayoyin sun yi baƙi suna ɗaci, sai in ware su in haɗa da wadda za a yi ƙuli-ƙuli don kada a yi asara. Shin wankewa tana cire maganin? Akwai hanyar ajiya ba tare da guba ba? Kuma akwai abin da za mu sha ya wanke mana abin da muka riga muka ci?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya zuri'a. Tambayoyi uku kika yi: ko ruwa yana fitar da maganin ƙwari daga wake, ko ana iya ajiya ba magani, da ko akwai abin wanke jiki. Amma akwai ta huɗu da kika ambata a wuce ba ki ɗauke ta tambaya ba, ita ce ta gyaɗar nan mai ɗaci da kike zubawa cikin ƙuli-ƙuli. A wurina ita ta fi sauran nauyi, kuma a kanta zan fi daɗewa. Aikina shi ne ajiyar amfanin gona, na daɗe ina yawo tsakanin rumbunan manoma da ɗakunan ajiyar 'yan kasuwa, kuma abin da na lura shi ne mutanenmu suna tsoron abin da ido ke gani yana motsi, alhali ƙwaron wake ƙazanta ne da asarar kuɗi kawai, ba ya kashe mutum. Abin da ake zuba masa, da fumfunar da ba a kula da ita, su ne masu taɓa lafiya.

Daga ina ƙwaron yake fitowa

Mata da yawa suna zaton daga ɗaki ƙwaron ke shiga buhu. Yawanci tun daga gona ya biyo waken. Uwar takan yi ƙwai a jikin kwanson wake kafin a roro, tsutsar ta huda ƙwayar ta shige ciki, ta ci ta girma a can, bayan mako uku zuwa huɗu ta fito da fiffike ta bar wannan ramin da kike gani. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai da dama, har kusan 100. Ki lissafa haihuwa a kan haihuwa duk wata, za ki ga dalilin da buhun da ya zo tsaf a Nuwamba yake zama gari kafin Afrilu. Shi ya sa ba ya isa a ce wake "mai kyau ne, ba ƙwaro ko ɗaya" ranar saye. Ƙwan yana nan.

Fiya-fiya da bom

Fiya-fiya da Sniper da ire-irensu sinadari ɗaya ne a ciki, za ki ga an rubuta DDVP a jikin kwalbar. Yana kashe ƙwaro ta hanyar rikita jijiyoyinsa, kuma irin wannan aikin yake yi a jikin mutum. Ba a yi shi don a zuba a kan abincin da za a ci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda shi, bayan an yi ta samun samfurori da adadinsa ya kai miligiram 4.6 a kilo ɗaya, alhali iyakar da suka yarda da ita 0.01 ce. Waken da aka tantance don fitarwa waje ke nan, ki yi tunanin wanda ba mai aunawa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwanni da kantuna, amma kin san yadda abin yake, har yanzu ana tallarsa a baro. Kafin shi akwai Gamalin, wanda ya fi shi naci a jiki da ƙasa. A 2008 ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a jihar Gombe sun kwanta asibiti bayan cin wake mai magani, kuma a 2009 aka sa sinadarin da ke cikinsa a jerin waɗanda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta haramta.

Bom kuwa, wato ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa cikin hatsi, labarinsa daban. Ƙwayar, in ta sha danshin iska, tana sakin iskar gas mai suna fosfin, mai wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. In gaskiya za a faɗa, a hannun wanda ya iya aikin, a babban ɗakin ajiya da aka rufe ruf aka lulluɓe buhuna da tamfol na kwana bakwai, sannan aka buɗe iska ta ratsa, bom ba ya barin wani abu mai yawa a jikin hatsi. Matsalar ita ce gida ba ɗakin ajiya ba ne. Buhun saƙa ba ya riƙe gas, don haka gas ɗin zai fita ya cika ɗakin da yara ke kwana, ƙwan da ke cikin waken kuma bai samu isasshen da zai kashe shi ba. An gudu gara an faɗa zago. Gas ɗin nan ba shi da makari a asibiti, kuma yara ne yake fara kayarwa. Ga kuma tokar da ƙwayar ke bari, wadda in ba a ƙunshe ta ba sai ta gauraya da hatsin. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: kada bom ya shiga gidan da mutane ke kwana, ko da a ɗakin da ke jikin naku ne.

To, wankewa fa? Tana ragewa, ba ta ba da tabbaci. DDVP yana tashi a iska kuma ruwa da zafi suna karya shi, saboda haka shanya wake a rana, jiƙa shi, cire ɓawonsa kamar yadda ake yi wa na ƙosai da alala, da zubar da ruwan tafasar farko, duk suna rage abin da ya maƙale. Ki riƙa yin haka ga duk waken da kika saya a kasuwa, musamman daga bazara zuwa damina, lokacin da tsohon wake ne ke yawo. Amma nawa ya rage bayan wankin, ya dogara da nawa aka zuba da kuma yaushe, kuma ba ki da ma'aunin gane wannan a madafi. In kin ɗebi wake a hannu kika ji warin magani, ko tafinki ya yi ƙaiƙayi, ko kika ga fari-farin gari a jikinsa, bar shi ko da araha ne. Ni in na shiga kasuwa a watan Yuni na ga tsohon wake sumul ba huda ko ɗaya, nakan tambayi mai shi a me ya ajiye. Wanda ya ajiye a buhun leda uku yakan nuna buhun da alfahari.

In tsautsayi ya faɗa, wani ya ci ko ya shaƙa, alamun DDVP su ne yawu mai yawa, gumi, amai, gudawa, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi. A fitar da shi iska, a cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a garzaya asibiti da kwalbar a hannu don likita ya san abin da yake fama da shi. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada kuma a sa shi amai da ƙarfi.

Ajiyar da ba ta buƙatar magani

Ƙwaro yana numfashi. In kin hana shi iska zai mutu, da shi da tsutsarsa. A kan wannan aka gina buhun PICS, wanda manoma ke kira buhu mai leda uku: ledoji biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fara aikinsa tare da takwarorinsu a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, aka ci gaba da gwaje-gwaje a Maraɗi, sannan daga 2007 aka baza shi a ƙasashenmu. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye iskar da ta rage, ta sauko daga kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da 5, sai su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu.

Inda ake kuskure na gani da idona a ƙauyuka da yawa. Wani ya ɗaure ledojin uku gaba ɗaya da igiya guda, alhali kowace leda murɗe bakinta ake yi, a lanƙwasa, a ɗaure ta ita kaɗai bayan an matse iskar. Wani ya zuba wake da tsakuwa da karare su huda ledar. Wata kuma kullum sai ta kwance ta ɗebi na girki, iska ta koma, ta ce buhun ba ya aiki. Dabarar ita ce ki ware abin da za ku ci na wata biyu a wani mazubi daban, babban buhun ki bar shi a rufe. Kafin ki zuba, ki hura iska cikin kowace leda ki matse ki ga ko tana tsiyaya. A ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, a kiyaye shi daga ɓera. In an kula da shi yana yin kaka uku.

Ga gida irin naku jarka ma ta wadatar, har na fi son ta don ɓera ba ya huda ta da sauƙi. Sharaɗi: wadda aka zuba man girki a ciki, ba ta fetur ko maganin feshi ba. A wanke, ta bushe ƙarau, a cika ta da wake har wuya ana girgizawa don kada a bar wa iska wuri, a sa leda a bakin a murɗa murfin. Jarkoki huɗu ko biyar sun ɗauke buhu, kina buɗe ɗaya bayan ɗaya. Kafin zubawa, in kin shimfiɗa baƙar leda a rana, kika baza waken siriri, kika rufe da farar leda mai haske na awa biyu da tsakar rana, zafin ciki yana haura digiri 60 ya kashe ƙwai da tsutsa. Hanyar kakanninmu ta toka ita ma tana aiki, amma ba ɗan barbaɗe ba: mudun toka tankaɗaɗɗiya ga mudun wake, a gauraya, a rufe saman da toka. Barkono da ganyen darbejiya suna ɗan kore ƙwaro, sai dai ban taɓa ganin sun riƙe buhu shekara guda su kaɗai ba.

Duk wannan yana tsaye ne a kan bushewa. Masara da wake kada danshinsu ya wuce kashi 13 cikin 100, ɓararriyar gyaɗa kuma 7 zuwa 8. Ba ki da na'ura, amma kina da haƙori da gishiri. Busasshiyar ƙwaya tana fashewa ƙas a baki. Ko ki sami busasshiyar kwalba, ki zuba hatsin da cokali biyu na busasshen gishiri, ki rufe ki girgiza, ki bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a koma shanya.

Gyaɗar nan mai ɗaci

Yanzu ga babbar maganar. Akwai wata fumfuna da ke zaune a ƙasar gona, tana son zafi da danshi, kuma masara da gyaɗa ne abincin da ta fi so. Tana fitar da guba mai suna aflatoksin. An gano gubar ne bayan 1960, shekarar da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Cibiyar binciken cutar kansa (ciwon daji) ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, kuma hanta take kamawa. In an ci da yawa a lokaci guda tana kisa nan take: a 2004 a gabashin Kenya mutane 317 suka kamu bayan cin masarar da aka ajiye da danshi, 125 suka rasu. Amma abin da ya fi shafarmu shi ne ci kaɗan-kaɗan na shekaru. Wani bincike da aka buga a 2002 kan yara 480 a Binin da Togo ya nuna cewa yaran da suka fi tsumburewa su ne suka fi yawan gubar a jini, kuma adadin yana tashi ne bayan yaye, lokacin da aka koma kunun masara da gyaɗa.

Abu biyu ne suka sa ta fi maganin ƙwari wuyar sha'ani. Ita kanta gubar ba ta da wari, sannan wuta ba ta kashe ta. Tafasa da tuƙa tuwo ba sa yi mata wani abin kirki, suya tana rage wani abu ne kawai. Sai dai Allah ya sa mana sauƙi ta wani gefen: gubar ba ta bazu daidai a buhu ba, ta taru ne a 'yan ƙwayoyi kaɗan, waɗanda suka yamushe, suka fashe, suka canza launi, ko ƙwaro ya huda. Wato waɗannan da kike warewa da hannunki. Tsintar da kike yi ita ce babbar kariyar gidanki, sai kuma ki mayar da su tukunya ta ƙofar baya. In an matse mai, mafi yawan gubar tana zama a tunkuza, tunkuza kuwa ita ce ƙuli-ƙuli, ƙuli-ƙuli kuwa yara ne suka fi ci, ga shi a yaji, ga shi a kwaɗo. Na sha ganin 'yan kasuwa suna ware gyaɗa mai kyau don masu saye da tsada, tarkacen kuma a sayar da araha ga masu mai da ƙuli-ƙuli. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne da gudun asara, amma sakamakon ɗaya ne.

Don haka abin da kika tsince, a ƙona ko a binne. Kada a ba akuya ko saniyar da ake tatsa, domin gubar tana fita a nono. Kaji ma tana hana su girma da ƙwai, agwagi da talo-talo kuwa tana kashe su. In yaro ya tauna gyaɗa ya ji ɗaci, a koya masa ya tofar. Gyaɗar ajiya ki saye ta da kwansonta, ki zuba a buhun da iska ke ratsawa, irin na algarara, a kan katako, kina ɓarewa daidai buƙata. Kada a yayyafa mata ruwa don ta yi sauƙin ɓara, wannan al'adar tana tayar da fumfuna cikin kwana biyu. Masara kuma a kula da sabuwar da ake girbewa ana tsakar ruwa, ita ta fi zuwa da danshi. A bakace ta, a tsince, a surfa, a wanke a zubar da duk abin da ya taso saman ruwa. Surfe yana tafiya da kaso mai kyau na gubar cikin dusa.

Kada ki raina waɗannan ƙananan ayyuka. A yankin Kindiya na ƙasar Gini an yi gwaji a ƙauyuka 20, rabinsu suka bi wannan tsarin: tsinta da hannu, shanya a tabarma maimakon ƙasa, cikakkiyar bushewa, buhun zare, da ɗorawa a katako. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna gubar da ke jinin mutanen ƙauyukan da suka bi tsarin ta ragu da fiye da rabi in aka kwatanta da sauran. In maigida yana noma ko yana saye kai tsaye daga manomi, ya tambayi Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Ƙwayar dawa ce mai shuɗin launi da aka lulluɓe da irin fumfunar da ba ta yin guba, ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin fure, sai ta mamaye gonar ta hana mai gubar wuri.

Iyakar abin a nan ita ce ido ba ya auna aflatoksin. Ƙwaya tana iya zama kyakkyawa a waje tana ɗauke da ita, kuma buhun leda uku yana hana fumfuna ƙaruwa ne, ba ya cire gubar da ta riga ta samu. Gwajin ɗakin bincike ne kaɗai ke ba da lamba. Shi ya sa nake ba iyalai shawarar kada tuwon masara ya zama safe da dare duk shekara. Gero da dawa ba su kai masara da gyaɗa ɗaukar wannan gubar ba. A riƙa juyawa da su, da shinkafa, acca, dankali da doya, musamman a kunun yaye. Na san tsada ce ta tura gidaje da yawa ga masara zalla, amma ko kwana biyu a mako aka sauya, an rage.

Batun abin wanke jiki

Nan zan faɗa miki abin da masu tallar magani a mota ba za su so ba. Babu wani jiƙo, shayi ko garin da aka tabbatar yana fitar da aflatoksin ko maganin ƙwari da aka ci watannin baya. DDVP jiki yana karya shi ya fitar cikin 'yan kwanaki da kansa. Aflatoksin kuwa hanta ce ke sarrafa ta, kuma in an daina ci, alamarta a jini tana raguwa cikin wata biyu zuwa uku. Zogale, rama, alayyahu, kuka da yakuwa abinci ne masu kyau, a ci su a miya da kwaɗo don gina jiki, amma ba lasisin cin ruɓaɓɓiyar gyaɗa ba ne. An yi gwaji a Gana da wani tataccen yumɓu da ke kama gubar a hanji kafin ta shiga jini, sai dai wannan ba farar ƙasar kasuwa ba ce, wadda ita kanta tana iya ɗauke da dalma. Haɗe-haɗen wankin ciki da ba a san abin da ke cikinsu ba, hantar da kike son karewa su suke ƙara wa aiki.

Abin da ya fi kowane jiƙo amfani shi ne sanin matsayinku game da ciwon hanta nau'in B. Wanda ke ɗauke da wannan cutar kuma yana cin aflatoksin, haɗarin kansar hanta a kansa yana ninka na wanda ba shi da ita har kusan sau 30, kuma cutar tana da yawa a ƙasashenmu, mutum yana iya ɗauke da ita shekaru ba alama. Tun 2004 rigakafinta yana cikin alluran yara na yau da kullum a Najeriya, ana so a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Ki duba katin rigakafin yaran nan biyar ki ga ko sun cika. Ke da maigida ku je a gwada jininku, wanda ba shi da ita a yi masa allurar, wanda aka samu da ita ya shiga hannun likita. Ni ba likita ba ne, fassarar sakamakon da abin da za a yi bayansa nasu ne. In kuma wani a gidan idonsa ya yi rawaya, ko cikinsa ya kumbura, ko yana ramewa ba dalili, a kai shi asibiti ba tare da jira ba, a kuma gaya wa likitan irin hatsin da kuke ci da yadda aka ajiye shi.